Interactive Robogami: Manhajar da Ta Ba Ɗan Koyo Damar Ƙera Mutum-mutumi, da Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

A watan Agustan 2017 ɗakin binciken kwamfuta na jami'ar MIT da ke Amurka, wanda ake kira CSAIL, ya fito da labarin wata manhaja mai suna Interactive Robogami. Alkawarinta mai daɗin ji ne. Mutumin da bai taɓa zama ajin injiniyanci ba zai zauna gaban kwamfuta, ya tsara ɗan ƙaramin mutum-mutumi mai tafiya a ƙasa cikin mintuna kaɗan, ya tura wa firintar 3D, wato na'urar da ke buga abu mai jiki da roba, kafin rana ta faɗi abin yana rarrafe a kan tebur. Waɗanda suka ja ragamar aikin mata biyu ne, Adriana Schulz 'yar ƙasar Brazil, wadda a lokacin take karatun digirin digirgir, da Cynthia Sung, wadda ta gama nata karatun a MIT ta koma koyarwa a jami'ar Pennsylvania. Tare da su akwai Andrew Spielberg da Wei Zhao da Robin Cheng, sai manyan malamai uku: Daniela Rus da Wojciech Matusik na MIT, da Eitan Grinspun na jami'ar Columbia. An buga bayanin aikin a mujallar International Journal of Robotics Research a wannan shekarar.

Wannan aiki ya cancanci a zauna a duba shi da kyau, domin ya bar alƙaluma a fili: mutum nawa suka gwada, minti nawa suka ɗauka, na'ura nawa aka ƙera. Da waɗannan alƙaluma mutum zai iya rarrabe abin da aka cim ma daga abin da aka yi fata.

Ciwon da aka zo yi wa magani

Duk na'urar da ke motsi da kanta ta haɗa sana'o'i uku, abin da masana ke kira mekatironik. Akwai aikin makaniki, wato jiki da ƙafafu da gaɓoɓi da tayoyi. Akwai aikin lantarki, wato inji da batir da wayoyi. Akwai kuma rubutun manhajar da ke gaya wa kowane inji lokacin da zai juya da iyakar inda zai tsaya. Wahalar ita ce ukun ɗaure suke da juna. Ka taɓa ɗaya, sauran biyun sun motsa.

A ɗauki ƙafa kawai. Ɗan koyo yana son abinsa ya yi sauri, sai ya tsawaita ƙafar, kuma yana da gaskiya, domin doguwar ƙafa ta fi nisan taku. Amma akwai wani ƙaramin inji da masu sha'awar irin wannan aiki suka fi saye, sarbo samfurin SG90, mai nauyin giram 9, wanda ƙarfin murɗawarsa yake kusa da kilo 1.8 a tazarar santimita ɗaya. Idan ƙafar da aka ɗaura masa ta kai santimita 10, abin da zai iya turawa a ƙarshenta bai wuce giram 180 ba. Ka ninka tsawon ƙafar, ƙarfin ya rabu biyu. To sai a sa babban inji. Babban inji yana son babban batir, babban batir ya ƙara nauyi, nauyin kuma yanzu ya hau can sama a kan dogayen ƙafafu, sai na'urar ta fara tangaɗi. Injiniya ya san wannan sarƙa tun kafin ya ɗauki biro. Ɗan koyo ba ya saninta sai ya ɓata roba da yini guda, ya kunna abinsa, ya ga ya kifa.

Kafin 2017 kayan aikin kansu sun riga sun yi araha. Allon Arduino, wanda ya fito daga garin Ivrea na Italiya a 2005, ya sa rubuta wa ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki umarni ya zama abin da ɗan sakandare zai iya. A wannan shekarar Adrian Bowyer na jami'ar Bath da ke Ingila ya fara aikin RepRap, firintar 3D da kowa zai iya harhaɗawa. A 2009 haƙƙin mallakar fasahar narkar da zaren roba, wanda kamfanin Stratasys ke riƙe da shi, ya ƙare, sai ƙananan kamfanoni suka cika kasuwa da firintoci masu sauƙin kuɗi. Saura abu ɗaya da bai sauko ba: sanin abin da za a buga. Manhajojin zanen injiniya irin su SolidWorks suna barin ka zana duk abin da ranka ke so, amma koyonsu kaɗai aikin watanni ne, kuma sai wanda ya san tambayar da zai yi ne zai ciro daga cikinsu amsar ko abin zai tsaya da ƙafafunsa.

Robogami ba daga sama ta faɗo ba. A 2012 hukumar tallafa wa binciken kimiyya ta Amurka, NSF, ta ba da dala miliyan 10 domin wani shiri na shekara biyar ƙarƙashin jagorancin Daniela Rus, tare da jami'o'in Pennsylvania da Harvard. Burin da suka bayyana a lokacin shi ne wata rana mutum ya shiga shago kamar na buga takardu, ya zaɓi samfurin na'ura daga jerin da ke akwai, a gyara masa shi daidai buƙatarsa, cikin awa 24 ya karɓi abinsa yana aiki. Daga wannan layin bincike ne aka samu mutum-mutumin nan na 2014 da aka ba da labarinsa a mujallar Science, wanda ke farawa a matsayin shimfiɗaɗɗen faranti, ya ninke kansa cikin kimanin minti huɗu, ya tashi ya yi tafiyarsa. Ita kuma Schulz, a 2014 ta riga ta yi wani aiki a kan harhaɗa kayan ɗaki da ƙananan motoci daga sassan da gwanaye suka tsara tun farko. Robogami auren waɗannan dabaru biyu ne: ninkewa daga ɓangaren Rus da Sung, harhaɗa sassa daga ɓangaren Matusik da Schulz.

Yadda ake aiki da ita

Mai amfani da manhajar ba ya fara da farin allo. Yana samun rumbu mai sassa sama da 50: jikuna iri-iri, tayoyi, ƙafafu, da wasu 'yan ƙarin kaya na ado ko na aiki. Ya jawo jiki ya ajiye, ya jawo ƙafa ya kai ta kusa da gefen jikin, manhajar ta haɗa su. Yana iya ja ya tsawaita jikin, ya faɗaɗa shi, ya gajarta ƙafa. Bayan siffa sai salon tafiya: wace ƙafa ce za ta fara ɗagawa, wacce za ta biyo, ko tayoyi da ƙafafu za su yi aiki tare.

A ido wannan kamar wasan yara ne na harhaɗa tubala, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Kowane sashe a cikin rumbun ba hoto ba ne kawai. Gwani ne ya zauna ya tsara shi tare da dokokinsa: waɗanne awo ne za a iya canzawa, waɗanne ne dole su bi juna, ta wane gefe ne za a iya haɗa shi da wani, kuma idan aka buɗe shi aka shimfiɗa wace siffa zai bayar. Saboda haka idan mai amfani ya ja jikin ya tsawaita, duk abin da ke rataye da wannan awon yana gyaruwa tare da shi, ba sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Kamar tela ne da ya riga ya fitar da yankan riga: kai naka ka faɗi tsawo da faɗi da irin wuya, shi kuma yankan ya riga ya san inda hannu zai haɗu da kafaɗa. Za ka fita da riga daidai jikinka ba tare da ka koyi ɗinki ba, amma ba za ka fita da abin da babu yankansa a shagon ba.

Abin da ya fi burge ni a cikin tsarin shi ne kwaikwayon tafiya. Duk lokacin da aka canza wani abu, manhajar tana lissafa yadda na'urar za ta yi tafiya, ta nuna saurinta, ta kuma duba ko za ta iya tsayawa ba ta kife ba. Idan kan ya fi ƙarfin ƙafafu, tana faɗa nan take, ta kuma kawo shawarar gyara.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan wannan lissafi na tsayuwa, domin shi ne misali mafi kyau na ilimin da ɗan koyo ba shi da shi kuma ba ya ma zargin akwai shi. Dokar gajeriya ce. A zana layi a ƙasa ya zagaye duk ƙafafun da ke taɓa ƙasa a wannan lokacin. A sauke igiya daga cibiyar nauyin na'urar. Idan igiyar ta sauka cikin filin da aka zagaye, na'urar tana tsaye. Idan ta sauka waje, faɗuwa ce. Yanzu a ɗauki siffar da kusan kowa zai fara zanawa: jiki mai kusurwa huɗu daidai wa daida, ƙafa ɗaya a kowace kusurwa. A tsaye ba ta da matsala ko kaɗan. Amma da zarar ta ɗaga ƙafa ɗaya domin taku, ƙafafu ukun da suka rage sun zama alwatika, kuma doguwar gefen wannan alwatika ta ratsa ne daidai ta tsakiyar jikin. Ma'ana cibiyar nauyin tana zaune a kan layin iyaka, ba ciki ba, ba waje ba. Batir ɗin da aka ɗan matsar da shi santimita ɗaya zuwa ɓangaren ƙafar da aka ɗaga ya isa ya kifar da ita. Kuma tunda kowace ƙafa sai ta zo ta ɗaga, babu kusurwar da za a ɓoye batir ɗin a huta. Shi ya sa ƙwari masu ƙafa shida suka fi samun sauƙi: suna ɗaga uku su bar uku, biyu a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen, kuma cibiyar nauyinsu tana cikin alwatikar a kowane taku.

A nan ake gane dalilin da ya sa masu aikin suka dage a kan tsara siffa da tafiya a wuri guda. Jiki ɗaya yana iya tsayawa daram da wani jerin taku, ya kife da wani. Jerin taku ɗaya yana iya dacewa da gajeriyar na'ura mai faɗi, ya kayar da doguwa siririya. Manhajojin da suka gabata galibi ɗaya suke kamawa su bar ɗaya. Wanda ya tsara jiki yau ya bar tafiya sai gobe, ya riga ya yanke hukuncin da bai san ya yanke ba. Tun ran gini, ran zane.

Bayan an gamsu da tsarin, manhajar tana fitar da abin da za a tura wa firinta da bayanin kayan da za a saya a kasuwa, irin su injinan da batir. Sai a zo ga dabara ta biyu, wadda daga gare ta ne rabin sunan ya fito, wato origami, fasahar ninke takarda ta mutanen Japan. Ba a buga jikin a tsaye yadda zai kasance a ƙarshe. Ana buga shi a kwance, bangarori a shimfiɗe suna haɗe da juna ta gaɓoɓi, sannan mutum ya ɗauka ya ninke da hannu.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da firintar 3D zai gane hikimar. Irin firintar da ta fi yawa tana narkar da zaren roba ne tana shimfiɗa shi hawa-hawa, kowane hawa kaurinsa wajen milimita 0.2. Akwati mai tsayin santimita 10 hawa 500 ke nan. Kuma roba ba ta tsayawa a iska, don haka rufin akwati mai rami a ciki sai an gina masa madogara daga ƙasa, robar da za a ɓata lokaci a buga sannan a ɓalle a zubar. Idan aka buɗe akwatin nan aka kwantar da bangarorinsa, kaurin milimita biyu hawa goma ne kawai, babu rufin da ke neman madogara. Akwai kuma ribar nauyi. Dunƙulallen abu idan aka ninka girmansa ta kowane ɓangare, nauyinsa yana ninkuwa sau takwas. Ɓawo mai rami a ciki, idan kaurin bangonsa bai canza ba, sau huɗu kawai. Ga injin da giram ɗari ke ba shi wahala, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Sung ta bayyana manufar da cewa firintar 3D ta iya fitar da siffofi masu sarƙaƙiya da tauri, aikin shimfiɗe kuma ya iya fitar da abu mara nauyi da sauri, su kuma suna son cin moriyar duka biyun.

Gwajin da alƙalumansa

Mutum takwas da ba su taɓa ganin manhajar ba aka kawo. Aka koya musu na minti 20, aka ba su aiki biyu. Na farko, su tsara mota mai tafiya wadda ba ta kifewa cikin minti 10. Na biyu, aka ba su mutum-mutumi da aka riga aka tsara, aka ce su shirya masa tafiyar da zai ratsa ta cikin shingaye cikin mafi ƙarancin lokaci. Ban da wannan, masu binciken sun ƙera na'urori shida a zahiri. Kowace ta ɗauki minti 10 zuwa 15 wajen tsarawa, awa 3 zuwa 7 wajen bugawa, da minti 30 zuwa 90 wajen harhaɗawa. Sun kuma ba da rahoton cewa bugawa a shimfiɗe ta rage lokacin firinta da kashi 73 cikin 100, ta rage robar da ake ci da kashi 70 cikin 100.

A yi lissafi. Mafi sauri a cikinsu: minti 10, da awa 3, da minti 30, jimla awa uku da minti 40, wato kusan awa huɗu. Mafi jinkiri: awa takwas da minti 45. To batun "cikin mintuna" da kanun labarai suka ɗauka gaskiya ne, amma na zaman gaban kwamfuta ne kaɗai. Sauran yinin na firinta ne da na yatsu. Ban faɗi haka domin rage wa aikin daraja ba. Idan aka ɗauki kashi 73 ɗin nan yadda aka faɗe shi, bugun awa 7 da zai kai wajen awa 26 ta tsohuwar hanya, kuma tazarar da ke tsakanin "dawo da yamma" da "dawo gobe" ita ce ke raba wanda zai sake gwadawa da wanda zai haƙura.

Kuma waɗannan alƙaluma su ne suka nuna inda ainihin amfanin manhajar yake. Tsarawa minti 15 ce, bugawa awa bakwai. Duk kuskuren da aka kama a cikin minti 15 ɗin nan kyauta ne. Wanda ya tsallake zuwa firinta kuwa, kuɗinsa yini guda da roba. Mutane suna kallon jawo sassa da ajiyewa a matsayin abin mamakin, alhali wannan tsohon abu ne, wasannin kwamfuta sun daɗe suna yi. Sabon abin shi ne gargaɗin da ke zuwa kafin a kashe kuɗi.

Inda ƙarfinta ya tsaya

Mutum takwas ba su da yawa. Sun isa su nuna cewa ana iya koyon manhajar cikin minti 20, kuma wannan ba abin rainawa ba ne. Ba su isa su nuna abin da zai faru ba idan aka sake ta ga dubban mutane, kowa da irin ɓarnar da zai ƙirƙiro. Ayyukan biyu da aka ba su ma a cikin kwamfuta suke farawa su ƙare: tsara mota, shirya hanya. Wurin da ɗan koyo ya fi shan wahala a zahiri, wato ninke roba ba tare da gaɓa ta tsage ba, zaunar da inji a gurbinsa, gane wayar da aka juya, yana cikin minti 30 zuwa 90 ɗin nan ne, kuma wannan adadi daga ƙirar masu binciken ya fito. Hannun da ya saba da hannun da bai saba ba, ba lokaci ɗaya suke ɗauka ba.

Sai batun tabbacin da manhajar ke bayarwa cewa abin da ka tsara zai ƙeru. Tabbaci ne na gaske, amma a san daga ina ya zo. Ya zo ne daga ƙuntatawa. Tunda kowane sashe gwani ne ya tsara shi, kuma hanyoyin haɗa su ƙidayayyu ne, manhajar ta san duk abin da zai iya fitowa. Ranar da mai amfani ya so hannu mai kama abu, ko ƙafa mai siffar da babu a rumbu, ko injin da ya tsinta a tsohuwar na'ura, sai a koma neman injiniya ya rubuta sabon sashe da dokokinsa. Schulz ta ce manufar ita ce a miƙa wa mai amfani na yau da kullum ilimin da a da sai injiniya ke da shi. A ganina an miƙa masa amfanin ilimin ne, ilimin kansa yana nan a hannun wanda ya cika rumbun. Wannan ba aibi ba ne, haka kowane kayan aiki mai kyau yake. Aibin zai zo ne idan aka sayar wa mutane da shi a matsayin an daina buƙatar gwani.

Akwai kuma tazarar da ke tsakanin allo da ƙasa. Kwaikwayon da zai ba da amsa cikin ƙiftawar ido dole ya sauƙaƙa duniya. Ainihin ƙasa tana da santsi a nan, da ƙura a can. Gaɓar roba tana da ɗan wasa. Batir yana raunana yayin da yake aiki, injin da ya ɗaga ƙafa da safe sai ya riƙa jan ta da rana. Giya mai haƙora da ke cikin ƙananan sarbo galibi ta roba ce, tana cinyewa. Ga ɗan abin da zai yi tafiya a kan tebur, waɗannan ƙananan abubuwa ne. Ga na'urar da za ta shiga gona ko ta ɗauki kaya, su ne gaba ɗayan aikin.

Abu na ƙarshe a wannan ɓangare shi ne wanda masu aikin da kansu suka ambata a matsayin abin da ke gaba. Na'urorin Robogami tafiya suke yi. Ba sa ɗauko komai, ba sa yanke shawara. Burin 2012 shi ne mutum ya zo da buƙata, ya tafi da na'urar da ke biyan ta. Abin da aka samu a 2017 shi ne mutum ya zo da siffa a ransa, ya tafi da na'urar da ba ta faɗuwa. Tsakanin "ina son abu mai ƙafa shida" da "ina son abin da zai share min ƙarƙashin gado" akwai tafiya mai nisa, kuma sun faɗi cewa suna son a kai ga mutum ya bayyana aikin da yake so, manhajar ta nemo siffar. Sun kuma ambaci fatan faɗaɗa tsarin zuwa na'urori masu tashi sama.

Ba su kaɗai ke wannan nema ba

A 2013 masu bincike na Disney, ciki har da Stelian Coros da Bernhard Thomaszewski da Bernd Bickel da shi Matusik ɗin, sun nuna manhajar da mutum zai zana mata layin da yake son ƙafar 'yar tsana ta bi, ita kuma ta nemo giya da sandunan da za su haifar da wannan motsi. A 2016 Tao Du da Schulz da abokan aikinsu sun yi makamancin haka ga jirage marasa matuƙi, har suka tashi wani mai farfela biyar da wani mai siffar zomo. A 2017 ɗin dai, Ruta Desai da Coros a jami'ar Carnegie Mellon sun gabatar da tasu manhajar ta jawo sassa a haɗa, mai amfani da injinan kasuwa da mahaɗan da ake bugawa. Duk cikinsu ƙashin bayan ɗaya ne: rumbun da gwani ya cika, lissafin da ke gudana a bayan fage, da mai amfani da aka bar masa zaɓin da ba zai cutar da shi ba.

Abin da ya biyo baya ya rabu gida biyu, kuma rabuwar tana da ban sha'awa. Schulz ta koma jami'ar Washington da ke Seattle, inda a 2019 ita da abokan aikinta suka fitar da Carpentry Compiler, manhajar da ke karɓar zanen kayan katako ta fitar da jerin yankan da kafinta zai yi, tana auna katakon da za a ci da lokacin aiki da daidaiton yanka. A nan mutum ne ke da ra'ayi, kwamfuta tana yi masa hidima. A MIT kuwa, a 2020 Allan Zhao da Matusik da wasu suka fitar da RoboGrammar. A wannan tsarin ba ka jawo ƙafa ka ajiye. Kana faɗin sassan da kake da su da irin ƙasar da za a taka, ko matakala ce, ko santsi, ko ramuka, sai kwamfuta ta bi ɗimbin siffofin da dokokin haɗawa suka yarda da su, ta gwada tafiyarsu, ta miƙo maka waɗanda suka fi. Dokokin haɗawar kuwa, waɗanda aka ɗauko daga tsarin jikin ƙwari da danginsu, mutane ne suka zauna suka rubuta su da hannu.